Haɗa Saunkad da Kwamfuta: Daga Jona Waya Har Zuwa Gano Inda Ƙugi Ke Fitowa

Ɗan akwatin nan da 'yan situdiyo ke kira saunkad ayyuka uku yake yi. Yana karɓar siginar makirufo, wadda 'yar mitsitsiya ce, ya ƙara mata ƙarfi. Yana juya ta zuwa lambobin da kwamfuta ke ganewa. In kwamfuta ta gama nata aikin, sai ya karɓi lambobin ya mayar da su sauti, ya aika wa lasifika da hedifon. Kowace laftof tana da nata a ciki, amma don kallon fim da kiran bidiyo aka yi shi. Ba ya ba makirufon situdiyo wutar da yake buƙata, kuma yakan kwaso hayaniyar cikin kwamfutar ya cakuɗa da murya.

Abin da nake so ya zauna maka tun yanzu shi ne, in sauti ya ƙi fitowa ko ya fito da datti, akwatin ne na ƙarshe da za ka zarga. Murya tana shiga makirufo, ta bi waya, ta shiga akwati, ta bi wayar USB, ta ratsa direba, ta isa manhaja, sannan ta juyo zuwa kunnenka. A kowace mahaɗa abu na iya samun tangarɗa, ga kuma wutar lantarki irin tamu. Wanda ya san hanyar zai bi ta gaɓa-gaɓa har ya kama mai laifin. Wanda bai sani ba sai ya kwashi lafiyayyen kaya ya kai wa mai gyara, ko ya sayar da asara ya sayo wani, ya dawo ya tarar matsalar tana nan daram.

Tun kafin ka jona

Ka tabbatar abin da ke hannunka na ɗaukar waƙa ne. Akwai masu araha irin su V8, masu fitilu kala-kala da maɓallan tafi da dariya. Waɗannan na masu shirin kai-tsaye a waya ne, ba za su yi maka aikin situdiyo ba. Waɗanda nake nufi su ne irin Focusrite Scarlett Solo da 2i2, da Behringer UMC202HD, da PreSonus AudioBox USB 96, da Steinberg UR22, da Audient iD4. Lambar 2i2 tana nufin mashiga biyu, mafita biyu. Mai ɗora murya kawai a kan kiɗan da aka riga aka haɗa, mashigar makirufo ɗaya ta wadatar da shi. Mai ɗauko kiɗa daga fiyano, kamar yadda aka saba a situdiyoyin Kano da Kaduna, yana buƙatar biyu saboda hagu da dama. In kuma yana son fiyano da makirufo su zauna a jone, ba sai ana cire wannan ana sa wancan ba, to mai huɗu zai nema.

In na hannu za ka saya, ka tafi da laftof ɗinka da makirufonka, ka gwada kowace mashiga da maɓallin 48V, mai ba makirufo wuta, kafin ka ƙirga kuɗi.

Direba kafin waya

Direba a nan 'yar manhaja ce da ke sada kwamfuta da akwatin. Hanyar da Windows ke bi da sauti a aikin yau da kullum doguwa ce, tana jawo jinkirin da mawaƙi ba zai jure ba. Shi ya sa kamfanin Steinberg na Jamus, masu manhajar kiɗa ta Cubase, suka fito da tsarin ASIO a 1997, wanda ke haɗa manhajar kiɗa da akwatin kai-tsaye.

Ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera naka, ka sauke direban da ya dace da ƙirarsa da zubinsa, domin zubi na biyu da na uku na abu ɗaya ba lallai su yi tarayya a manhaja ba. Kada ka karɓa daga filashin wani ko a zauren WhatsApp: ko dai tsoho ne, ko na wata ƙira, ko yana tafe da ƙwayar cuta. Ka girka shi akwatin na cire, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa, sannan ka jona. Scarlett zubi na uku, wanda ya fito a 2019, da farko yakan bayyana a kwamfuta tamkar filashi, kuma ba ya wuce 48 kHz, wato samfurin sauti dubu 48 a daƙiƙa, sai an girka manhajarsa ta Focusrite Control. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi.

Sai maganar ASIO4ALL, wadda kusan duk mai manhajar kiɗa ta FL Studio ya san sunanta. Ba direban wani akwati ba ce. Lulluɓe direban Windows take yi don manhaja ta ɗauke shi kamar ASIO. Tana da rana ga akwatin da ba shi da nasa, kamar Behringer UM2 da UMC22. Amma in naka yana da direbansa, zaɓen ASIO4ALL ko FL Studio ASIO a kansa ci baya ne, kuma daga nan ƙorafe-ƙorafe da yawa ke farawa.

Masu Mac sun huta da yawancin wannan, domin tsarin sautinsu, Core Audio, yana gane akasarin akwatunan da zarar an jona. Abu ɗaya ke tuntuɓe da su: tun daga macOS Mojave na 2018, sai ka ba kowace manhaja izinin amfani da makirufo a sashen tsaro da sirri. In ba ka bayar ba, za ka ga fitila na motsi a jikin akwati, manhaja kuwa shiru.

Jona wayoyi bi da bi

Wayar USB ta tafi kai-tsaye cikin kwamfuta, ba ta cikin abin nan mai rarraba ramuka ba. Ramin USB 2.0 bolt 5 yake bayarwa, miliamfiya 500, kuma ƙananan akwatuna da wannan wutar suke rayuwa, har su samar da 48V daga cikinta. In ka haɗa shi da faifan ajiya da fankar laftof a rami ɗaya, zai riƙa ɗaukewa. A kwamfutar tebur, ramukan baya sun fi na gaba aminci. Gudun USB kuwa ba abin damuwa ba ne: USB 2.0 yana ɗaukar megabit 480 a daƙiƙa, layi biyu na sauti a 24-bit da 48 kHz ba su kai megabit 3 ba. Sa shi a shuɗin ramin USB 3 ba zai rage maka jinkiri ba.

Kafin ka sa makirufo, ka murɗa GAIN, wato mamurɗin ƙarfin siginar da ke shiga, da mamurɗin lasifika da na hedifon duk su koma ƙasa, ka kashe 48V, lasifikoki ma a kashe. Makirufo da wayar XLR ake jona shi, mai ƙafa uku, kai da kai. Na nanata kai da kai saboda dalili. A yawancin akwatuna ramin mashiga biyu ne a haɗe: gefensa na karɓar XLR, tsakiyarsa na karɓar jak. Abin da ya shiga ta jak ba ya samun 48V, kuma ba a ƙara masa ƙarfi irin na makirufo. Mai amfani da wayar da kanta ɗaya XLR ne ɗaya jak zai ƙure GAIN, abin da zai ji bai wuce raɗa ba.

Makirufon kondensa, irin su Audio-Technica AT2020 ko Rode NT1, ba ya aiki sai da 48V. Ka jona tukuna, sannan ka danna maɓallin, ka ba shi 'yan daƙiƙoƙi. In za ka cire, ka fara kashe 48V, ka ɗan jira, sannan ka zare. Na dainamik, irin Shure SM58, ba ya buƙatarta.

Maɓallin mashiga a LINE ake sa shi in fiyano ne. INST na jita ne. Manyan fiyanon Yamaha PSR suna da mafita biyu a baya, L/L+R da R. Ka ja jak daga kowace zuwa mashiga ta ɗaya da ta biyu, in kuma waya ɗaya gare ka, L/L+R za ka ɗauka. Ƙananan da ba su da mafita sai ramin hedifon suna buƙatar waya mai reshe, kai ɗaya mai zobe biyu a wajen fiyano, kawuna biyu masu zobe ɗai-ɗai a wajen akwati. In ka ɗauki jak mai zobe biyu kai da kai ka sa daga ramin hedifon zuwa mashiga ɗaya, akwatin zai debe dama daga hagu, duk abin da ke tsakiyar kiɗan, su bes da ganga, ya dushe ko ya ɓace. Mutum sai ya rantse fiyanonsa ya lalace.

Lasifikokin situdiyo kuma da jak mai zobe biyu ko XLR za ka haɗa su. Irin wannan waya tana ɗauke da siginar sau biyu, ɗaya a juye, don haka duk hayaniyar da ta kwaso a hanya tana soke kanta in ta isa. Lasifikokin su ne na ƙarshe a kunnawa, na farko a kashewa. Ƙarar "ɗum" ɗin nan da ake ji in an saɓa wannan tsari ba ta yi wa lasifika daɗi, ba ta yi wa kunne.

Sanar da manhaja

A FL Studio ka danna F10, ka shiga Audio, a ƙarƙashin Device ka zaɓi direban ASIO mai sunan akwatinka. Ka danna F9 miksa ta buɗe, ka zaɓi layin da babu komai, ka buɗe jerin mashiga da ke samansa. Jerin kashi biyu ne, sitiriyo da mono. Makirufo ɗaya mono ne. In ka zaɓa masa sitiriyo, murya za ta fito a kunne ɗaya. Ka kuma sani cewa ƙaramin nau'in FL Studio, Fruity Edition, ba ya ɗaukar murya, sai daga Producer Edition zuwa sama.

A Cubase ka shiga Studio, sai Studio Setup, ka zaɓi direban. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, alhali da saura. Ka danna F4, ka duba mashiga da mafita. In ka ga Not Connected a gaban Stereo Out, ko ka kwana kana danna maɓallin kunnawa ba abin da zai fito. Ka haɗa shi da mafita ta ɗaya da ta biyu, sannan ka ƙirƙiri mashigar mono don makirufo.

Yawan samfur a daƙiƙa, ka tsayar da ɗaya. Faifan CD 44.1 kHz ne, aikin bidiyo 48 kHz. Tunda waƙoƙinmu da yawa a fim ko bidiyo suke ƙarewa, ni 48 kHz da 24-bit nake ba da shawara. Ka sa lamba ɗaya a manhaja, da allon direba, da saitin sautin Windows. Hawa 96 kHz a ƙaramar laftof ƙarin nauyi ne da cin wuri, mai sauraro a waya ba zai ji bambanci ba.

GAIN ba mamurɗin ƙara ba ne

Aikinsa daidaita ƙarfin abin da ke shiga, ba ƙara wa mawaƙi jin kansa ba. In ya ce ba ya jin muryarsa, ka ɗaga masa hedifon ko ka rage kiɗa, ka bar GAIN inda yake.

Ga yadda ake saita shi. Mawaƙi ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirufo, da ragar tare iska a tsakani. Kada ka ce ya ce "ɗaya, biyu". Ka sa ya rera wurin da ya fi ɗaga murya a waƙar, yawanci amshi. Kana murɗawa a hankali kana kallon ma'auni a manhaja, har ƙololuwar ta riƙa taɓa tsakanin -12 da -6 dB, sauran muryar na yawo wajen -18. A Scarlett akwai zoben haske kewaye da mamurɗin. Mawaƙi yana baiti zoben na kore, ya zo amshi ya buɗe maƙogwaro sai ka ga ya yi ruwan ɗorawa, ya ƙifta ja. Wannan jan yana nufin siginar ta bugi rufi, an yanke mata kai, kuma tsagewar ta riga ta shiga cikin abin da aka naɗa. Rage ƙara daga baya ba ya ɗinke ta. A 24-bit akwai fili mai yawa, kusan dB 144 a lissafi, saɓanin 96 na 16-bit, don haka babu dalilin matsawa kusa da sifili. Murya mai ɗan sanyi ana ɗaga ta lafiya lau wajen haɗawa.

Bafa da jinkiri

Nan ne aka fi shan wahala, don haka bari in daɗe.

An kunna kiɗa, mawaƙi ya fara baiti, bai kai layi biyu ba ya zame hedifon gefe guda ya leƙo ta gilashi: "Oga, muryar nan tana biyo ni a baya." Gaskiya ya faɗa. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo. Tarawa take yi ya cika wani ma'auni sannan ta ɗauka, wannan ma'aunin shi ne bafa. Kamar ɗiban ruwa ne daga rijiya zuwa gida: mai moɗa ruwansa na isowa nan da nan amma zirga-zirga za ta gajiyar da shi, mai jarka ba ya gajiya amma sai an jira ta cika.

Lissafin mai sauƙi ne, ka raba girman bafa da yawan samfur. A 48 kHz, bafa 128 milisakan 2.7 ne, 256 ya ba da 5.3, 512 ya ba da 10.7, 1024 kuma 21.3. Wannan tafiya ɗaya ke nan. Murya sai ta shiga ta kuma fito, don haka ka ninka, ka ƙara ɗan abin da juyawar siginar ke ci. Sauti a iska yana yin kimanin santimita 34 a milisakan ɗaya. Mawaƙin da aka bari a 1024 yana jin kansa ne tamkar daga lasifikar da ke nesa da shi da mita goma sha wani abu. Ba mai iya riƙe kari a haka. In jimillar ta tsaya ƙasa da milisakan 10 ko kusa da haka, yawancin mawaƙa ba sa damuwa.

Saboda haka saiti biyu za ka riƙe. Lokacin ɗauka, 128, ko 64 in kwamfutar na da ƙarfi. Lokacin haɗawa da tacewa, ba mai rerawa, ka mayar 512 ko 1024 kwamfuta ta sarara. Girman bafa ba ya taɓa ingancin abin da ka fitar a ƙarshe.

Akwai hanya ta biyu, maɓallin DIRECT MONITOR, wanda a wasu akwatunan mamurɗi ne tsakanin INPUT da PLAYBACK. Yana miƙa muryar daga mashiga zuwa hedifon ba tare da ta shiga kwamfuta ba, jinkiri ya zama babu. In ka kunna shi, ka kashe sauraron wannan layin a manhaja. A Cubase ɗan maɓallin nan ne mai hoton lasifika. In ka bar duka biyun, mawaƙi zai ji kansa sau biyu, muryar ta yi kamar daga cikin bututu.

Sai dai wannan hanya busasshiyar murya take bayarwa, mawaƙanmu da yawa kuwa sun saba rerawa suna jin Auto-Tune, manhajar daidaita murya, a kunne, da shi suke auna hawa da saukar muryarsu. Irin wannan mawaƙi dole muryarsa ta ratsa manhaja. To sai ka kashe DIRECT MONITOR, ka sauke bafa, ka sa Auto-Tune a yanayinsa na ƙaramin jinkiri, ka kuma kashe duk abin da ke kan babban layin fita. Limita da fulogin ɗin mastarin irin su Ozone, wato ƙananan manhajojin da ake ɗorawa kan sauti don tace shi, suna leƙa gaba kafin su yi aiki, suna ƙara nasu jinkirin komai ƙanƙantar bafa. In kiɗan ya yi nauyi da fulogin har kwamfuta ta kasa ɗaukar 128, ka fitar da shi fayil ɗaya na WAV, ka buɗe sabon aiki, ka ɗauki murya a kansa, daga baya ka mayar da muryar cikin babban aikin. Wannan dabara tana ceton tsofaffin kwamfutoci ƙwarai, kuma ba ta cin ko sisi.

In abu ya ƙi

Ƙa'ida ɗaya ce: abu ɗaya za ka canza, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. In ka canza waya da rami da direba a tashi ɗaya, ko ya gyaru ba ka san abin da ya gyara shi ba, gobe in ya dawo ka koma farko.

Kwamfuta ba ta ga akwatin ba: ka fara da wayar USB. Wasu wayoyin na caji ne kawai, fitila za ta kama amma bayanai ba sa wucewa. Ka canza rami. Ka buɗe Device Manager na Windows. In ka ga alama mai ruwan ɗorawa a kan sunansa, ka cire direban, ka zare akwatin, ka sake kunna kwamfuta, ka girka sabo.

Manhaja na motsi amma ba ka ji: mafita ce, ko mamurɗin nan na tsakanin INPUT da PLAYBACK yana can ƙarshen INPUT. Akwati na nuna haske amma manhaja ba ta ɗauka: mashigar da ka zaɓa ba ita ba ce, ko izinin makirufo a rufe yake, domin Windows 10 da 11 ma suna da wannan saiti. Waƙa ta fito da sauri ko a hankali, murya ta sirance ko ta yi kauri: yawan samfur ne ya saɓa. Tsakanin 44.1 da 48 akwai bambancin kusan kashi 9 cikin 100, kunne na kama shi nan take. YouTube ya yi shiru da zarar ka buɗe manhajar kiɗa: direban ne ya riƙe akwatin shi kaɗai. FL Studio na da Auto close, Cubase na da zaɓin sakin direba in manhajar ta koma baya.

Ƙaras-ƙaras da tsinkewar sauti alama ce kwamfuta ba ta cika bafa a kan lokaci. Ka ɗaga bafa mataki ɗaya. In bai daina ba, ka sa tsarin wutar Windows a High performance, ka kashe USB selective suspend, sannan a Device Manager ka shiga kowane USB Root Hub ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe shi don tsimin wuta. Ka kashe Wi-Fi da Bluetooth lokacin ɗauka. Akwai manhajar kyauta mai suna LatencyMon. Ka bar ta tana gudana kana kunna aikinka, za ta nuna maka direban da ke riƙe kwamfutar, sau da yawa na Wi-Fi ne ko na katin hoto. Ka kuma lura da lokacin da abin ke farawa. In da safe lafiya, sai an daɗe ana aiki a rufaffen ɗaki an kashe fanka saboda ɗauka sannan ƙaras-ƙaras ya taso, to zafi ne. Laftof in ta yi zafi rage gudunta take yi da kanta. Ka ɗaga ta daga kan tebur iska ta ratsa ƙarƙashinta, ka sa a buɗe a share ƙurar fankarta, musamman bayan hunturu.

Ƙugi, da wutar da muke da ita

Hayaniya iri-iri ce, kuma kowace tana faɗin asalinta in ka kasa kunne. "Shiii" mai laushi da ke ƙaruwa in ka ɗaga GAIN daga ƙara ƙarfin siginar take; ka matso da mawaƙi kusa, ka rage GAIN. "Tit-tirit-tirit" da ke zuwa ya wuce wayar hannu ce kusa da kebul, a fitar da wayoyi daga ɗakin ɗauka. Siririyar ƙara da ke canzawa in ka motsa linzamin kwamfuta, daga cikin kwamfutar take bin USB. Ƙugi mai kauri da ba ya tsayawa kuwa na lantarki ne, domin wutar Najeriya da ta Nijar duka tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wannan kaɗawar kake ji.

Ka bi shi haka. Ka zare komai daga akwatin, ka bar USB da hedifon kawai. In shiru, akwatin ya fita daga zargi. Ka mayar da makirufo ka saurara, sannan fiyano, sannan lasifika, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ƙugin ya dawo da shi, a layinsa matsalar take. Sannan ka zare cajar laftof ta koma kan batir. In ƙugin ya ɗauke ɗif, to ko cajar ba ta kirki ba ce, ko kayan suna sauke wuta ƙasa ta hanyoyi biyu mabambanta, wata 'yar wuta na zagayawa a tsakaninsu ta cikin wayoyin sauti. Maganin farko, kwamfuta da lasifikoki da fiyano duk su sha daga soket ɗaya. Na biyu, wayoyin lasifika su zama masu zobe biyu. Na uku, ka raba wayar sauti da wayar wuta. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su kwanta tare. In fiyano ne ke kawo shi, akwatin DI mai maɓallin GROUND LIFT yana yanke zagayen. Akwai kuma na'urar da ke raba wutar USB, amma ka duba kafin ka saya: masu arahar megabit 12 kawai suke wucarwa, akwatunan da ke buƙatar 480 ba za su tashi a kansu ba.

Abin da ba zan taɓa ba ka shawara ba shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogi. Ƙugin na iya tafiya, amma ƙafar nan ita ke kwashe wuta zuwa ƙasa ranar da wani abu ya ƙone a cikin lasifika. In babu ita, ta jikin wanda ya riƙe makirufo za ta bi. Gidaje da shaguna da yawa ma soket ɗin na da rami uku amma ba a haɗa wayar ƙasa ba. In mawaƙi ya ce makirufo na ɗan jan leɓensa, ko kai ka ji tsikari a jikin akwati, a dakatar da aiki a kira mai wayarin ya kafa sandar ƙasa ya haɗa ta yadda ya kamata. Wannan ba maganar ingancin sauti ba ce kuma, maganar rai ce.

In a kan inbata kake aiki, ka nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta. Mai arahar tana fitar da wuta mai kusurwa-kusurwa da ke sa lasifika zizar da ba waya ko saitin da zai kawar. Ƙaramin janareta kuma wutarsa na hawa da sauka, firji ko na'urar sanyaya ɗaki in suna layi ɗaya da situdiyo za ka ji "ƙas" duk sanda suka tashi. Ka raba musu layi. Mai kwamfutar tebur ya sa UPS, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar naɗa na iya lalata fayil. In NEPA ta ɗauke, ka kashe lasifikoki daga soket kafin ta dawo, domin dawowar ce ke ƙona kaya.

Mamurɗin da ke ƙarar yashi in ana juya shi ƙura ce ta shige shi. Ka zare akwatin, ka yi ta murɗa shi gaba da baya, in bai washe ba a fesa masa ruwan wanke mahaɗar lantarki, ba man inji ba. In an tashi aiki a rufe shi da ƙyalle.

Yaushe ne laifin yake na akwatin da gaske? In ka kai shi wata kwamfutar, da wata wayar USB, da direbansa na asali, ya maimaita abin da yake yi. In makirufo ɗaya da waya ɗaya sun yi aiki a mashiga ta biyu sun ƙi a ta ɗaya. In ramin USB ɗinsa na girgiɗi, yana ɗaukewa da an taɓa. Ko in ka kunna 48V ka auna da mita a ramin XLR tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2, sannan ta 1 da ta 3, ka ga abin da ya fito ya yi nisa da bolt 44 zuwa 52. A nan ne za ka ɗauke shi zuwa wurin mai gyara, ka tafi da makirufon da wayar da ka yi gwajin da su, ka nuna masa mashigar da ta mutu a gabansa.